Yadda ake kai yara Gidan Makama su ga tarihi ba a dawo gida da rigima ba

Ni dai zuwana na farko Gidan Makama da yara ban ji daɗinsa ba sam, kuma laifina ne ba na kowa ba. Hutun makaranta ne, sun ishe ni da kallon katun da faɗa a kan rimot, kawai sai na ce kowa ya sa takalmi mu je ku ga tarihi, wajen ɗaya saura na rana fa, ba wanda ya ci abincin kirki, ga rana kamar ta fasa kai. Ba mu yi minti ashirin a ciki ba auta ya fara Umma ruwa, Umma fitsari, babbar ta karɓe min waya tana latse-latse, na tsakiyan kuma ya ruga gaba yana leƙa ɗakuna yana dawowa wai shi bai ga komai ba sai tsofaffin kaya. Haka muka fito kowa fuska a murtuke. Bayan kamar wata shida muka koma, wannan karon da shiri, su ukun har da 'yar maƙociyata ta huɗu, wallahi sai da na riƙa jan hannunsu kafin su yarda mu fito. Gidan yana nan yadda yake, kayan ciki su ne dai na da, ni ce na canza tsari. To tsarin ne zan zayyana muku, ko a Kano kuke ko wani gari, don duk gidan tarihi kusan hanyar ɗaya ce.

Mataki na ɗaya: labari tun a gida

Wannan shi ne kan gaba, in kun tsallake shi sauran duk wahalar banza ce. Yaro in ya ga tsohon takobi a bayan gilashi bai san na waye ba, ƙarfe ne kawai mai tsatsa. Amma in daren jiya an ba shi labarin mai irin takobin, da ya hango shi zai ruga yana cewa ga shi ga shi. Don haka kwana biyu ko uku kafin tafiya, bayan sallar isha'i lokacin da ake zaune ana hira, ku ɗauko labari kamar tatsuniya, kar ku yi shi kamar darasin aji.

Ni da mutum uku na yi musu, ban ƙara ba. Na farko Barbushe, ƙaton mutumin nan da ake cewa yana zaune a kan dutsen Dala yana kula da Tsumburbura, abin bautar mutanen wancan zamani, tun kafin zuwan Bagauda, wanda shi ake ƙirgawa sarkin Kano na farko a shekarar 999. Na biyu Muhammadu Rumfa, don gidan da za mu je ma nasa ne, an gina shi a ƙarni na 15 lokacin yana riƙe da sarautar Makama kafin ya hau gadon sarauta, ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, shi ya gina fadar da har yau ake ce mata Gidan Rumfa, a zamaninsa aka kafa kasuwar Kurmi, kuma a lokacinsa babban malamin nan Shehu Magili ya zo Kano. Abin da ya fi burge yarana a labarinsa ba ma waɗannan ba ne, wai shi ya fara kakaki da figini, wato mafici na sarauta, da takalmin gashin jimina, shi ke nan auta ya kama tambaya ya za a yi takalmi da gashin tsuntsu. Na uku Sarki Alu, wanda a zamaninsa Turawa suka ci Kano a watan Fabrairu na 1903 yana can wajen Sakkwato ba ya gari, daga baya suka kama shi suka kai shi Lakwaja, can ya rasu a 1926. Wannan labarin babbar 'yata shi ya taɓa ta, har ta ce to iyalansa fa.

Kun ga mutum uku, zamani uku: kafin Musulunci ya kafu, lokacin Haɓe, lokacin Fulani da zuwan Bature. Ya wadatar. Kar ku ɗora musu jerin sarakuna da shekaru, ku riƙe shekarun a kanku saboda in an tambaye ku.

Mataki na biyu: zaɓen rana da lokaci

Safiya, safiya, safiya. Ku yi ƙoƙari goma ta yi muku a bakin ƙofa, kafin azahar kun gama kun fito. Juma'a ku bar ta, domin gidan yana dab da fadar Sarki ta ɓangaren Ƙofar Kudu, ga babban masallacin gari nan kusa, da rana ta ɗaga hanya cika take, ga gosulo ga rashin wajen fakin. Kwanakin Sallah ma haka, in hawa kuka zo kallo to ku kalli hawa, kar ku haɗa biyu. Amma sati ɗaya ko biyu bayan Sallah lokaci ne mai kyau sosai saboda dawakai da 'yan lifidi suna nan sabo a idon yara, za ku ga amfanin hakan a gaba. Watan Maris zuwa Mayu kuwa kun san zafin Kano ba sai na faɗa ba, in dole sai lokacin to ku ƙara sammako. Akwai kuma 18 ga Mayu, ita ce ranar gidajen tarihi ta duniya, makarantu kan kai ɗalibai, in kuna son hayaniya da taro ku je ranar, in natsuwa kuke so ku kauce mata.

Kafin ranar, wani babba ya biya ta wajen ko ku tambayi wanda ya je kwanan nan, a ji lokacin buɗewa da kuɗin shiga na manya da na yara, don waɗannan abubuwa ne masu canzawa. In ku malamai ne za ku kai aji guda, ku rubuta takarda tun da wuri ku kai ofishinsu, gidan yana ƙarƙashin hukumar kula da gidajen tarihi ta ƙasa ne, in sun san da zuwanku sun fi shirya muku wanda zai zagaya da ku.

Mataki na uku: jaka

Kowa ya karya kumallo ya ƙoshi kafin a fita, wannan ba shawara ba ce doka ce. Sannan kowa ya shiga banɗaki ko yana ji ko ba ya ji. A jaka ruwa, gora ɗaya-ɗaya ta fi fiya wata don ita in an fasa sai an shanye ko ta jiƙa kaya, ɗan biskit ko gyaɗa ko dabino na bayan an fito, famfas da ɗan tsumma in akwai na goye, tsabar kuɗi 'yan canji kar ku dogara da taransifa netwok ya ba ku kunya a bakin ƙofa, waya da cikakken caji. Takalmi mai sauƙin tafiya, ban da sabon takalmin Sallah mai cin ƙafa. Mai jariri ta goya shi da zani, keken turawa ba zai yi miki daɗi ba a ginin gargajiya, ga dokin ƙofa ga 'yan matakala ga ƙofofi masu ƙunci.

Sai abu ɗaya da ya fi komai yi min aiki: kowane yaro na ba shi ɗan littafin rubutu mai arha da fensir. Ba biro ba, fensir, don biro ko a jikin bango sai ya gwada shi.

Yawan yara kuma, babba ɗaya kar ya wuce yara uku ko huɗu. In sun fi haka ku nemi ƙanwa ko kawu ya raka ku. Kuma gaskiya ɗan ƙasa da shekara huɗu ba abin da zai ƙaru da shi sai gajiya, in da mai riƙe shi a gida ku bar shi.

Mataki na huɗu: kafin a shiga, a tsaya a waje

In daga wajen gari kuke, ta Ƙofar Nassarawa kuka shigo titin zai miƙe da ku har wajen fada, mai adaidaita sahu kuwa da kun ce Gidan Makama ya gane. Tun a ƙofar garin ku nuna musu, ku ce nan da ganuwa ce ta kewaye birni duka, Sarki Gijimasu ya fara ta tun wajen shekara 900 da suka wuce, da magariba ta yi rufe ƙofa ake, wanda ya makara sai ya kwana a waje. Na tsakiyana ya ce to in mutum fitsari ya fita yi fa. Ku bar su su yi irin wannan tambayar, alama ce labarin ya shiga.

Da kun sauka kar ku yi sauri ku faɗa ciki. Ginin kansa shi ne kayan tarihi na farko kuma mafi girma, mutane da yawa wuce shi suke ba su kalla ba. Ku tsaya minti biyar ku sa su ɗaga kai. Ku nuna musu zanko, waɗannan 'yan ƙahonin da ke tsaye a saman katanga, ku nuna indararo inda ruwan sama ke zubowa, ku nuna zanen da ke jikin bango ku ce wa zai fara gano dagi. Ku gaya musu ba bulo ba siminti, tubali ne na ƙasa da aka mulmula da hannu aka shanya a rana, aka yaɓe, aka shafe da makuba don kar ruwa ya ci shi.

A nan wajen ne kuma ake kafa doka, gajeriya, guda uku kacal don in ta yi yawa ba mai riƙewa: ba taɓawa, ba gudu, ba wanda zai shiga ɗaki sai ya ga Umma ko Abba a ciki. Ni dabarar da na yi wa auta, na ce ya riƙe hannayensa a baya kamar dogari yana rangadi, ya ji daɗin wannan har ya riƙa yi wa yayyensa tsawa. Ku kuma nuna musu wajen haɗuwa, wato in ka duba ba ka gan mu ba ka dawo nan bakin zaure ka tsaya kar ka fita titi. Ku faɗa musu dalilin hana taɓawa, gumi da maiƙon hannu suna cin fata da tsumma da takarda, abin da ya yi shekara ɗari biyu yana jira ba a hannunka zai ƙare ba.

Mataki na biyar: mai zagayawa da ku

Bayan an biya an karɓi tikiti, ku nemi ma'aikacin da zai zagaya da ku, kar ku ce ai kun iya karatu za ku karanta rubutun da ke jikin kaya, su sun san abin da ba a rubuta ba. Ku gaisa da shi sosai, ku sa yaran su gaishe shi su ma, sannan ku ja shi gefe ku ce Malam don Allah yara ne, da Hausa za a yi, a taƙaice, kuma a bar su su yi tambaya. In ba ku faɗa ba zai iya yi muku irin bayanin da yake wa 'yan jami'a, ba laifinsa ba ne, abin da ya saba ke nan. A nan ne kuma za ku tambayi maganar hoto, ina aka yarda ina aka hana, ko akwai kuɗinsa daban, kuma ku kashe filas. In an gama ku yi masa ihsani daidai ƙarfinku, mutum ya yi awa guda yana amsa tambayar takalmin jimina ai ya cancanta.

Mataki na shida: a ciki, kar ku ce sai kun ga komai

Nan ne na yi kuskure a karon farko, na ɗauka tunda na biya kuɗi to sai mun tsaya a gaban kowane abu. Ɗakunan suna da yawa, wani na shiga wani, babba ma kansa ɗaukar zafi yake balle yaro. Awa ɗaya zuwa ɗaya da rabi ita ce iyaka. Ku zaɓi wurare huɗu ko biyar da za ku daɗe, sauran ku wuce su da kallo kawai.

Abin da na yi, a littafin kowa na rubuta masa abu biyar da zai nemo, in ya gani ya yi alama ko ya zana shi: ƙyauren ƙofar gari, rigar ƙarfe, abin busa mai tsawo, hoton sarki da rawani mai kunne biyu, da wani abu da Hajiya kaka take da irinsa. Wanda bai iya karatu ba yayarsa ta karanta masa. Shi ke nan tafiya ta koma farauta.

Da kun shiga zaure ku ce kowa ya yi shiru ya ji, za su ce ba su ji komai ba, ku ce to zafi fa. Sai a lokacin za su lura waje ana ƙuna amma ciki da sanyi-sanyi, ba fanka ba esi, kaurin bangon ƙasa ne kawai. Ku sa su kalli rufin, su ga azara da aka jera, itacen giginya ne da gara ba ta cika ci ba, su ga bakan gizo yadda ya lanƙwaso daga bango ya haɗe a tsakiya ya ɗauke rufi ba ginshiƙi. Babbar 'yata da take cewa ita injiniya za ta zama, ta fi minti goma kanta a sama, ta zana shi har sau biyu bai yi ba.

Sai tsofaffin ƙyamaren ƙofofin gari. A nan ku tsaya. Ku sa yaro ya tsaya kusa, ba taɓawa, ya gwada tsawonsa da nasu, ya kalli ƙarfen da ƙusoshin da maƙera suka buga da hannu ɗaya bayan ɗaya. Ku dawo da labarin Sarki Alu, ku ce irin wannan ƙofar aka rufe ranar da Turawa suka zo da igwa, ta wajen Ƙofar Kabuga suka shigo. Ku ƙara musu da cewa bayan an ci garin, shi wannan gidan da muke ciki har ofis Turawan suka mai da shi na wani lokaci.

Wajen kayan yaƙi kuwa ba sai kun yi wahala ba, maza musamman, sai dai ku riƙe su. Sulke, kwalkwali, garkuwa, masu, takubba, kwari da baka. A nan hawan Sallah yake amfani, ku ce kun tuna dawakan nan da aka lulluɓe da kaya mai kauri kamar katifa, to lifidi ke nan, ba ado ba ne asalinsa, don kar kibiya ta huda doki da mahayinsa ne, kuma ana cewa tun zamanin Sarki Kanajeji, wajen 1390 zuwa 1410, aka shigo da lifidi da kwalkwali da sulke. Tambayar da na yi musu, mutum ya sa rigar ƙarfe a ranar Kano ya hau doki, me zai fara damun sa, abokin gaba ko zafi. Musu ya kaure har mai zagayawa da mu ya sa baki.

Irin tambayar da za ku riƙa yi ke nan, ba ta jarrabawa ba. Kar ku ce wace shekara Rumfa ya hau mulki. Ku ce me kake gani ake yi da wannan, wa ya ƙera shi, kwana nawa ya ɗauka, da me muke yin wannan aikin yanzu, in an ce ka ɗauki ɗaya ka kai gida wanne za ka ɗauka. In suka tambaye ku abin da ya fi ƙarfinku kar ku ƙirƙiro, ku ce mu tambayi Malam, yaro ya ga babba ma yana tambaya.

Kayan kiɗa da busa ku wuce su da ɗan sauri amma ku nuna kakaki da tambari da algaita, ku ce waɗannan na sarauta ne ba a yi wa kowa, kalangu kuwa na mahauta da 'yan mata ne, ku sa su kwaikwayi ƙarar kowanne da baki a hankali. Hotunan sarakuna ma haka, kar ku bi su ɗaya-ɗaya, ku nemo wanda suka sani, yawanci Ado Bayero ne da ya yi mulki daga 1963 zuwa 2014, daga shi sai ku koma baya zuwa mahaifinsa Abdullahi Bayero, ku ce dukkansu jinin Ibrahim Dabo ne da ya hau a 1819. Ya isa.

Inda za ku ajiye sauran ƙarfinku shi ne ɗakin amarya. Ni kaina a nan na tsaya na rasa bakin magana, don ɗakin kakata na gani sak, jeren kwanuka da tasoshi an ɗora wani kan wani, ƙore, faifai, tabarma, gado. 'Yar maƙociyata ta kalla ta kalla ta ce Umma to ina firjin, ina talabijin. Na ce randa ce firji, tatsuniya ce talabijin. Ku bar 'yan mata su ƙirga kwanukan, ku gaya musu da can yawan jere shi ne darajar amarya kuma ajiya ce, in wata buƙata ta taso a ɗauki ɗaya a sayar. Ku tambayi samarin su ma, da me za ka sha fura a nan, su nemo ludayi da kansu. In kun ci karo da kuɗin wuri ko tsofaffin kuɗi irin su anini da ahu da sisi da sule, ku gaya musu naira ba ta zo ba sai 1973, kakanninsu da fam da sule suka yi aure.

Wata magana da ya kamata ku shirya mata tun daga gida: yaro zai tambaya a kan Tsumburbura, ko in ya ga wani sassaƙe mai siffar mutum ya ce Umma wannan gunki ne, haramun ne mu kalla. Kar ku daka masa tsawa kuma kar ku yi kamar ba ku ji ba. Ni cewa na yi, mutanen da ne kafin Musulunci ya zo musu haka suke yi, har Allah ya kawo Wangarawa daga Mali a zamanin Sarki Yaji wajen shekara 650 da suka wuce, mu ba bauta muka zo yi ba, kallo muka zo mu san daga inda aka taso. Ya gamsu ya wuce. Wannan tambayar ta fi fitowa in Jos kuka je, inda kawunan yumɓu da mutanen da na yankin Nok suka ƙera suke.

Mataki na bakwai: ku fita tun ba su gaji ba

Da kun ga an fara jingina da bango, ana jan ƙafa, ana tsokanar juna, to lokaci ya yi ko da saura ɗakuna uku. Ku fito tsakar gida ku samu inuwa, a sha ruwa a ci biskit, ledar kuma a mayar jaka. A nan ne ake hoto na iyali, ba a cikin ɗakuna ba inda za ku ɓata rabin lokaci kuna cewa ku matso ku yi murmushi. Ke uwa, kai uba, ku ma ku ajiye wayar nan, sitatus zai jira, in yaro ya ga idonki na kan waya shi ma nasa ba zai tsaya a kan sulke ba.

Kar ku haɗa da Dala da Kurmi da marinar Ƙofar Mata duk rana ɗaya, na san za ku ji kwaɗayin hakan tunda an riga an fito an kashe kuɗin mota, amma ku daure. Ɗaya kawai, in da sauran ƙarfi. Ni marina na fi so a bayan Gidan Makama saboda ba hawa ba cunkoso, kuma yara suna ganin aiki da idonsu, mutum zaune a bakin rami yana tsoma zane a ruwan baba yana ɗagowa, ya fito kore-kore iska ta buge shi ya koma shuɗi a gabansu, sai ka ce dabo. Sai dai ku riƙe hannun ƙanana gam, ramukan suna da zurfi. Dala ku ware masa wata ranar da sassafe ko da la'asar sakaliya, a hau a hango gari a tuna Barbushe. Akwai kuma Gidan Ɗan Hausa a Nassarawa, gidan Baturen nan Hanns Vischer da ya fara makarantar boko a Kano a 1909, shi ma zuwa ne na daban.

Wanda ba a Kano yake ba, tsarin nan duk zai yi masa. Jos gidan tarihinsu tun 1952 yake, ga kayan Nok da suka haura shekara 2000, waɗanda aka fara tonowa a 1928 wajen haƙar kuza. 'Yan uwanmu na Nijar kuma ku kun more, gidan tarihin Boubou Hama na Yamai da aka buɗe a 1959 yana da ƙasusuwan manyan dabbobin zamanin da da aka tono a Sahara, da gawar bishiyar nan ta Tenere, wadda ta tsaya ita kaɗai a tsakiyar hamada har mota ta buge ta a 1973, ga namun daji a haraba, can matsalarku ba ta jawo hankalin yara ba ce, ta fito da su ce.

Mataki na takwas: bayan an dawo

A mota kar ku fara me kuka koya, barci za su yi, ku ƙyale su. Da daddare ko washegari ku ce kowa ya kawo littafinsa ya nuna wa Abba ko wanda bai je ba, shi ya yi bayani da bakinsa, ku kuma ku yi kamar ba ku sani ba kuna tambaya. Za ku sha dariya, auta ya ce wa babansu wai Rumfa da Barbushe sun yi faɗa da Turawa a kan takalmi. A gyara masa a hankali, ba gaban yayyensa ba. In da yumɓu ko laka a kusa ku ba su su mulmula tubali su shanya, na tsakiyana ya gina ganuwa a bayan ɗaki da ƙofa ta kwali, kaji suka rushe ta kwana biyu.

Sai abu na biyar ɗin nan na cikin littafi, wanda na ce su nemo abin da Hajiya kaka take da irinsa. Ita babbar 'yata, akushi ta rubuta. Ranar Asabar da muka je gaishe ta, tun kafin mu gama zama ta ce Hajiya wai kina da akushi, Hajiya ta ce ke wa ya gaya miki, ta ce a Gidan Makama na gani. Tsohuwar nan ta yi dariya har da tafa hannu, ta ce wato mun zama kayan tarihi ke nan, ta sa aka janyo mata wata tsohuwar adaka daga ƙarƙashin gado, ta fito da shi a naɗe cikin tsumma, baƙi wuluk yana sheƙi, ta ce na uwarta ne, a ciki ake zuba wa kakansu tuwon dawa kuma ba ya hucewa da wuri. Ni da na girma a gidan ban taɓa sanin yana nan ba. Auta ya sa hannu a baya irin na dogari ya ce ba taɓawa, Hajiya ta ce kai tafi can, wannan nawa ne, zo ka riƙe.